Da Sunan Mai Ƙaramin Shago: Ƙuri'ar Jama'a da Harajin Masu Ɗaukar Ma'aikata a Jihohin Amurka

 

Shugaban taro, malamaina, iyayenmu 'yan kasuwa da suka bar shaguna a hannun yara suka zo, ɗalibai maza da mata, barkanku da zuwa. 

An nemi in yi magana kan dokokin da jihohin Amurka ke yi game da kasuwanci da harajin da ake ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata, musamman irin waɗanda jama'a ke zartarwa da ƙuri'arsu ba tare da an bi ta majalisa ba. Da na zauna ina bin dokokin nan ɗaya bayan ɗaya, sai na ga wani mutum yana ta fitowa a kowace gardama. Hotonsa ne a allon talla, muryarsa ce a rediyo: mai gidan abinci mai tebur goma, mai wankin mota, matar da ke gasa burodi da ma'aikata shida. Masu son a ƙara haraji su ce ai mun tsame shi. Masu ƙin haraji su ce shi za a fara kashewa. Kowa da sunansa yake rantsuwa, amma ranar da ake rubuta dokar ba ya cikin ɗakin. A kansa nake so mu tsaya yau, domin ko ba ku taɓa taka Amurka ba kun san shi, wasunku ma ku ne shi.

Bari mu fara da asalin abin. Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta kiran jama'a su jefa ƙuri'a kan doka. Wannan hurumin jihohi ne, kuma kusan rabinsu ne kawai suka ba talaka damar. Dakota ta Kudu ce ta fara a 1898, Oregon ta biyo baya a 1902, Kalifoniya kuma a 1911, zamanin Gwamna Hiram Johnson. Abin da ya kawo shi Kalifoniya sananne ne. Kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific ya yi kaka-gida a siyasar jihar, shi ke yanka wa manomi kuɗin dakon amfanin gonarsa yadda ya ga dama, 'yan majalisa da yawa kuma a aljihunsa suke kwana. Sai masu neman gyara suka ce, tunda an saye wakilai, a buɗe wa jama'a ƙofar da za su shiga da ƙafarsu. Daga cikin ƙofofin da aka buɗe, biyu ne suka shafe mu. Ta farko, ku rubuta doka da kanku, ku tara sa hannun masu zaɓe, a buga ta a takardar ƙuri'a. In ta samu rinjaye ta zauna, gwamna ba shi da ikon hawa kujerar na-ƙi. Ta biyu, majalisa ta yi dokar da ba ku so, ku tara sa hannu cikin kwana 90, a dakatar da ita har sai jama'a sun raba gardama.

Niyyar kyakkyawa ce, kuma ina girmama waɗanda suka yi ta. Inda gizo ke saƙar shi ne adadin sa hannun. A Kalifoniya ana bukatar kashi 5 cikin 100 na ƙuri'un da aka jefa a zaɓen gwamna na baya idan doka ce ta yau da kullum, kashi 8 idan tsarin mulkin jihar za a taɓa. Bayan zaɓen 2022 wannan ya kama sa hannu 546,651 da kuma 874,641, kuma cikin kwana 180 za a tara. Ku faɗa mini wace ƙungiyar masu shaguna ta unguwa ce za ta iya wannan. Shi ya sa tara sa hannu ya zama sana'a mai zaman kanta. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, su baza mutane a ƙofar manyan kantuna da takarda a hannu, ana biyansu gwargwadon abin da suka tara. Kolorado ta taɓa haramta biyan kuɗi a kan wannan aiki, amma a 1988 Kotun Ƙolin Amurka ta soke haramcin, ta ce ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki. Shekara goma kafin nan, a 1978, kotun ta riga ta yanke cewa jiha ba za ta hana kamfani zuba kuɗi a kamfe kan ƙudurin ƙuri'a ba. Ƙofar da aka buɗe don a tsere wa kamfanin jirgin ƙasa, yanzu kuɗin shigarta miliyoyin daloli ne.

Ba za a fahimci harajin Kalifoniya ba sai an san Ƙuduri na 13, don haka ku ba ni dama in daɗe a kansa. A shekarun 1970 farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabi a jihar, harajin gida kuma yana bin farashin a baya. Tsofaffin da suka gama biyan gidajensu suna zaune a kan fansho suka wayi gari takardar haraji tana neman fitar da su daga gidan da suka tsufa a ciki. Kukansu na gaskiya ne. Howard Jarvis, wanda ke aiki da ƙungiyar masu gidajen haya ta Los Angeles, da abokin tafiyarsa Paul Gann suka ɗauki kukan suka mayar da shi ƙuduri. Ranar 6 ga Yuni 1978 wajen kashi 65 cikin 100 na masu zaɓe suka amince. Dokar ta ce harajin gida da fili ba zai wuce kashi 1 cikin 100 na ƙimarsa ba. Aka mayar da ƙimar kowa zuwa yadda take a 1975, aka ce ba za ta ƙaru da fiye da kashi 2 a shekara ba, sai ranar da aka sayar da wurin sannan a yi sabon kiyasi. Ta kuma ɗaure hannun majalisa: ba ƙarin harajin jiha sai da kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa. Cikin shekara guda abin da ƙananan hukumomi da makarantu ke samu daga wannan haraji ya ragu da fiye da rabi.

Hoton tsohuwa mai fansho aka nuna wa masu zaɓe, amma dokar ba ta bambanta gidanta da masana'anta ko otal ko babban kanti ba. Duk inuwa ɗaya suka shiga. To, me ya samu mai ƙaramin shago? Ku ɗauki shaguna biyu a layi ɗaya, girmansu ɗaya. Na farko an saye shi tun 1980 yana hannun masu shi. Na biyu wani matashi ne ya tara jari ya saya bara. Harajin matashin zai ninka na maƙwabcinsa sau da yawa, alhali titi ɗaya suke amfani da shi, motar kashe gobara ɗaya ce za ta zo musu. Wanda ya fi bukatar sassauci, wato sabon shiga, shi dokar ta fi ɗora wa nauyi. Sannan akwai wata kafa da sai mai lauyoyi ke iya bi. Idan kamfani ne ke da ginin, aka sayar da hannun jarin kamfanin ta yadda babu mutum ɗaya da ya samu fiye da rabi, doka ba ta ɗauka cewa ginin ya canja hannu ba, sai tsohuwar ƙima ta ci gaba da zama. Mai burodi ba ta da wannan dabara. In ta sayi shago, ta saya, a yi mata sabon kiyasi.

Akwai kuma illar da ta biyo ta bayan gida. Birane da suka rasa harajin gine-gine dole su nemi kuɗi wani wuri, sai suka koma ga kuɗin lasisi, kuɗin izinin gini, kuɗin dubawa, da kason da suke samu daga harajin sayayya. Shi wannan kaso yana zuwa ne ga garin da aka yi cinikin a cikinsa. Saboda haka shugabannin birane suka shiga zawarcin manyan kantuna da dillalan motoci, suna ba su fili da rangwame, domin kanti ɗaya babba yana kawo wa baitulmali abin da shaguna hamsin ba za su kawo ba. Babu wanda ya rubuta wannan a takardar ƙuri'ar 1978, amma daga can ya samo asali.

Shekara 42 bayan haka, a 2020, ƙungiyoyin malaman makaranta da na ƙwadago suka kawo Ƙuduri na 15 don su raba gari: gidajen zama da gonaki su ci gaba da zama a tsohon tsari, gine-ginen kasuwanci kuma a riƙa yi musu kiyasi da farashin kasuwa. Ofishin nazari na majalisar jihar ya kiyasta za a samu tsakanin dala biliyan 6.5 zuwa 11.5 a shekara domin makarantu da ƙananan hukumomi. Suka ce sun tsame ƙananan 'yan kasuwa, domin wanda gine-ginen kasuwancinsa ba su wuce dala miliyan 3 ba, dokar ba za ta taɓa shi ba. Sai masu adawa suka fito da wata magana da ba ƙarya ba ce. Ƙananan 'yan kasuwa da yawa ba su da gini, haya suke yi, kuma a irin yarjejeniyar hayar da ta yaɗu a can, ɗan haya ne ke biyan harajin ginin da inshora da gyara, ban da kuɗin hayar kansa. Ke nan mai gidan abincin da ke haya a cikin ginin dala miliyan hamsin, iyakar miliyan 3 ba ta kare shi ba, domin mai ginin aka auna, shi kuwa aka miƙa masa takardar. Masu ƙudurin sun san da haka, sun ɗage wa irin waɗannan gine-gine wa'adi na 'yan shekaru, amma ɗagewa ba yafewa ba ce. Ƙudurin ya faɗi da wajen kashi 52 a kan 48.

Ra'ayina a nan shi ne ɓangarorin biyu duk sun yi wa mai shago rashin adalci. Masu neman gyara sun rubuta dokar da idonsu a kan manyan kamfanoni, ba su zauna da ɗan haya sun ji yadda yarjejeniyarsa take ba sai daga baya. Masu adawa kuwa, waɗanda manyan masu gine-gine da ƙungiyoyin manyan kamfanoni ne suka ɗauki nauyin kamfensu, sun sa fuskar mai shago a talla, suka ci zaɓe da ita, suka koma gida da tsohuwar ƙimarsu. Matashin da ya sayi shago bara yana nan yana biyan ninkin na maƙwabcinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu mu zo ga harajin ɗaukar ma'aikata kansa. A Amurka duk wanda ya ɗauki mutum aiki, ban da albashi, yana biyan tarayya kashi 6.2 cikin 100 domin fanshon tsufa da kashi 1.45 domin lafiyar tsofaffi, jimla 7.65, ma'aikacin ma a cire masa kwatankwacin haka. Sai harajin inshorar rashin aiki, na tarayya da na jiha, sai inshorar rauni a wurin aiki. Duk waɗannan suna rataye ne a kan kalma ɗaya: shin wannan mutum ma'aikacinka ne, ko kuwa mai zaman kansa ne da kuka yi jinga? In jinga ce, ba ruwanka da ko ɗaya daga ciki. Mu nan mun san irin wannan tambaya. Yaron da ke tuƙa maka adaidaita sahu yana kawo balas kullum, yaronka ne ko abokin hulɗarka? Ranar da ya yi haɗari ake sanin amsar.

A 2018 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta tsaurara ma'aunin a shari'ar wani kamfanin kai saƙo mai suna Dynamex, a 2019 kuma majalisa ta mayar da hukuncin doka, wadda aka sani da AB 5, ta fara aiki a farkon 2020. Ƙashin bayanta shi ne, in mutum yana yin ainihin aikin da kamfaninka ke sayarwa, to ma'aikacinka ne. Kamfanonin da ke haɗa direba da fasinja ko mai kai abinci ta manhajar waya, wato Uber da Lyft da DoorDash da Instacart da Postmates, suka ga dokar za ta ci su. Sai suka bi ƙofar 1911. Suka rubuta Ƙuduri na 22, suka kashe fiye da dala miliyan 200 a kansa, abin da ba a taɓa kashewa a kan ƙuduri ɗaya a jihar ba kafin lokacin. A Nuwamban 2020, ranar da Ƙuduri na 15 ya faɗi, nasu ya wuce da fiye da kashi 58. Gaskiya ɗaya ce, ba su fito hannu rabbana ba: sun yi wa direbobi alƙawarin kashi 120 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi a kan lokacin da suke kan aiki da fasinja ko kaya, da wani tallafin lafiya ga masu yawan awoyi. Direbobi da yawa kuma da gaske suna son 'yancin fita aiki lokacin da suka ga dama. Amma ku dubi inda aka bar mai gidan abinci. In ya ɗauki yaro ɗaya mai kai wa mutane abinci gida, zai biya masa kashi 7.65 ɗin nan da inshorar rashin aiki da ta rauni. Babban kamfanin da ke yin aikin nan da dubban mutane ba zai biya musu harajin albashi ba. Ma'aunin da kamfanonin suka saye wa kansu mafita daga gare shi yana nan a wuyan mai shago.

Akwai wani sakin layi a cikin ƙudurin da nake so ɗalibanmu na shari'a su lura da shi. An rubuta cewa majalisa ba za ta gyara dokar ba sai da amincewar kashi bakwai cikin takwas na 'yan majalisa. Wannan kulle ƙofa ne a jefa makulli a rijiya. Wani alƙali a gundumar Alameda ya soke dokar a 2021, aka ɗaukaka ƙara, a Yulin 2024 Kotun Ƙolin jihar ta bar ta a tsaye. Ku kwatanta da abin da ya faru a Misuri. A Nuwamban 2024 masu zaɓen jihar, wajen kashi 58 cikin 100, suka amince a ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 13.75 a awa a 2025 da dala 15 a 2026, kuma ma'aikaci ya riƙa tara awa ɗaya ta hutun rashin lafiya mai albashi a kan kowace awa 30 da ya yi aiki. Doka ce ta yau da kullum, ba kwaɗo a jikinta. Ba a yi shekara ba majalisa ta soke ɓangaren hutun, Gwamna Mike Kehoe ya sa hannu a Yulin 2025, hujjar kuma ita ce nauyin ya yi wa ƙananan 'yan kasuwa yawa. Rinjaye kusan iri ɗaya a jihohin biyu, amma ɗaya ya zauna daram, ɗaya kuma aka rushe wani ɓangarensa cikin watanni. Bambancin yana cikin tsarin mulkin jihohin biyu: a Kalifoniya majalisa ba ta gyara dokar da jama'a suka zartar sai da izinin dokar kanta ko na masu zaɓe, a Misuri kuwa tana iya yi.

Wani lokaci ma ba a kai wa ga akwatin zaɓe. Ƙudurin ya zama sanda ce da ake ɗagawa a teburin ciniki. A 2018 kamfanonin lemon kwalba suka mara wa wani ƙuduri baya wanda zai sa kowane sabon harajin ƙaramar hukuma a Kalifoniya sai ya samu kashi biyu cikin uku na masu zaɓe. Birane suka tsorata. Aka yi sulhu: majalisa ta haramta wa birane sa sabon haraji a kan lemo har zuwa 2031, aka janye ƙudurin. Haka aka yi da gidajen abincin gaggawa. Majalisa ta yi doka a 2022, kamfanonin suka tara sa hannu suka dakatar da ita, a 2023 aka zauna da ƙungiyar ƙwadago aka shirya a kan dala 20 a awa daga 1 ga Afrilu 2024, ga duk kamfanin da ke da rassa aƙalla 60 a faɗin ƙasar. Sai dai yawancin rassan nan ba uwar kamfani ke gudanar da su ba. Mutane ne suka sayi izinin amfani da sunan, wasu da reshe ɗaya ko biyu, su ne kuma ke biyan albashin. An auna su da girman sunan da ke saman ƙofarsu.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne zuciyar maganar. Mu Musulmi mun san nisabi. Ba kowa ke fitar da zakka ba, sai wanda dukiyarsa ta kai wani haddi, kuma malamai sun yi bayani dalla-dalla kan abin da ake aunawa da lokacin da ake aunawa. Duk dokar haraji tana da nata nisabin, kuma makomar mai ƙaramin shago tana cikin wannan layi guda, a ina aka ja shi, me kuma aka auna. Kamfe kuwa ba ya tsayawa a nan, domin ba a iya rera shi a talla ta daƙiƙa talatin.

Oregon ta nuna muhimmancin abin da ake aunawa. Jihar ba ta da harajin sayayya. A 2016 aka kawo ƙudurin sa kashi 2.5 cikin 100 a kan cinikin manyan kamfanoni da ya haura dala miliyan 25 a jihar. A kan ciniki, ku lura, ba a kan riba ba. Duk ɗan kasuwar da ke ɗakin nan ya san tazarar da ke tsakaninsu. Dillalin hatsi na iya juya miliyoyi a wata, abin da zai rage masa bayan ya fitar da uwar kuɗi da dako da haya bai taka kara ya karya ba. Mai sayar da manhajar kwamfuta kuwa kaso mai yawa na cinikinsa riba ne. Haraji a kan ciniki yana yi musu kuɗin goro. Sannan yana hawa kan kaya a kowace gaɓa, daga masana'anta zuwa babban dila zuwa mai sari, har ya iso kan teburin mai shagon da aka ce an tsame. Masu zaɓe suka ƙi shi da wajen kashi 59. A 2024 aka dawo da irinsa, kashi 3 cikin 100, da alƙawarin raba kuɗin ga kowane mazaunin jihar, aka ƙi shi da fiye da kashi uku cikin huɗu. Tsakanin waɗannan biyu, a 2019, majalisar jihar ta yi nata harajin cinikin cikin natsuwa: dala 250 da kashi 0.57 cikin 100 a kan abin da ya haura dala miliyan 1, tare da damar cire wani kaso na kuɗin kaya ko na albashi kafin a yi lissafi. Kason ya yi ƙasa sosai, amma nisabin ya sauko daga miliyan 25 zuwa miliyan 1, ya kamo matsakaitan 'yan kasuwar da ƙudurin 2016 bai kira sunansu ba.

Don kada a ce ban ga alheri ko ɗaya ba, Kolorado ta yi abin da nake yaba wa. A 2020 masu zaɓenta suka amince da Ƙuduri na 118, hutun haihuwa da jinya mai albashi har mako 12. Aka fara da kashi 0.9 cikin 100 na albashi, rabi daga ma'aikaci rabi daga mai gida. Mai ma'aikata ƙasa da 10 an yafe masa nasa rabin, amma ma'aikatansa suna cikin tsarin, in ɗayansu ta haihu asusun jiha ne zai biya ta, ba aljihun mai shago ba. An fara tara kuɗi a 2023, aka fara biya a 2024. Wanda ya rubuta wannan ya yi tunanin matar nan mai burodi da kuma masu yi mata aiki a lokaci guda. Ku kwatanta da tamu dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda ta tsame duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Mai wurin ya huta, amma naira 70,000 da aka amince da ita a 2024 ba ta zama haƙƙin yaran shagonsa ba. Nisabi ne a nan, nisabi ne a can, amma ɗaya ya sauke wa mai gida nauyi ya riƙe ma'aikaci, ɗayan ya saki duka biyun. Tsarin mulkinmu na 1999 bai ba mu ƙuri'a kan haraji ba, ya tanade ta ne ga irin ƙirƙirar sabuwar jiha da yi wa ɗan majalisa kiranye. Don haka wurin da ɗan kasuwarmu zai kare kansa shi ne zaman jin ra'ayin jama'a na majalisa, kafin a ja layin.

Akwai wani haraji a Kalifoniya da ban taɓa ganin an buga hoton kowa a allon talla saboda shi ba, da shi zan rufe. Harajin inshorar rashin aiki na tarayya kashi 6 cikin 100 ne a kan dala 7,000 ta farko na albashin kowane ma'aikaci a shekara, amma ana yi wa mai gida rangwamen kashi 5.4 idan asusun jiharsa ba ya da bashi. Abin da ya rage dala 42 ce kan kowane mutum. Lokacin korona miliyoyin mutane suka rasa aiki, asusun Kalifoniya ya ƙare, jihar ta ranci wajen dala biliyan 20 daga tarayya. Jihohi da yawa sun ci irin wannan bashi, yawancinsu kuma suka biya da kuɗin tallafin korona da tarayya ta aiko musu. Kalifoniya ba ta yi haka ba, ko a 2022 da baitulmalinta ya yi rarar da ba a taɓa gani ba. Dokar tarayya kuwa ta ce in bashin ya daɗe, a riƙa zaftare rangwamen da kashi 0.3 kowace shekara har a gama biya. Wato dala 21 kan kowane ma'aikaci, tana hawa kan ta bara. Dala 42 ta zama 63 a 2022, ta zama 84 a 2023, ta zama 105 a 2024, ta zama 126 a 2025.

Za ku ce kuɗin ba yawa. Ga kamfanin da ke biyan injiniya dala 200,000 a shekara, haka ne, ba zai ma ji ba. Amma tunda a kan dala 7,000 ta farko ake lissafi, mai wanke kwanuka na wucin gadi da injiniyan nan kuɗi ɗaya ake biya a kansu. Kuma lissafin na kowane mutum ne da aka ɗauka a cikin shekarar, don haka gidan abincin da ma'aikata ke yawan shiga da fita, in mutum biyu suka riƙe gurbi ɗaya a shekara kowannensu ya kai wannan adadi, sau biyu zai biya. Ba nisabi, ba a tsame mai ma'aikata shida ba, ba a tambayi ko ya sallami kowa lokacin annobar ba. Niyok, wadda ita ma ta shiga irin wannan hali, ta biya nata bashin a 2025 daga baitulmalin jiha. A Kalifoniya, jihar da aka kashe fiye da dala miliyan 200 a kan matsayin direbobin manhaja, har yau ba a kai wannan bashi gaban masu zaɓe ba. Kowane ƙarshen Janairu matar nan mai burodi tana cika takardar harajin, tana ƙara dala 21 kan kowane ɗaya daga cikin ma'aikatanta shida.